An rage mata awowin aiki bayan hutun haihuwa: ta ina ƙorafi zai fara?

Ba kasafai ake korar mace ƙiri-ƙiri ranar da ta dawo daga hutun haihuwa ba, domin masu wuraren aiki da yawa sun san hakan na iya kai su gaban alƙali. Abin da ya fi faruwa shi ne ta dawo ta tarar kujerarta na nan, sunanta bai fita daga jerin ma'aikata ba, amma jadawalin mako ya canza. Kwana biyar sun koma uku, ko awa 40 sun koma 24. In ta tambaya sai a ce, "Ai don ke muka yi, ki samu lokacin kula da jaririnki." Wani wurin a ce ciniki ne ya ja baya. Wani wurin kuma a ce ta yi haƙuri za a gyara wata mai zuwa, watan ya zo ya wuce ba a gyara ba.

Yaƙi da wannan ya fi yaƙi da kora wuya. Kora tana zuwa da takarda, da kwanan wata, da dalilin da za a iya ƙaryatawa. Ragin awowi kuwa sau tari da baki ake yin sa, ko ma ba a faɗa ba sam, sai dai ta gani a jadawalin da aka liƙa a bango ko aka tura ta waya. Ga shi kuma yakan zo da fuskar tausayi, har mace ta ji nauyin yin magana, kada a ce an yi mata alheri ta raina. A ganina babban amfanin shigar da ƙorafi a rubuce shi ne ya tilasta wa wurin aiki ya faɗi dalilinsa a takarda. Dalilin da aka rubuta ana iya auna shi da abin da ya faru. Wanda aka faɗa a bakin ƙofa, gobe za a iya cewa ba a faɗa ba.

Kafin a je ga doka, yana da kyau a san girman abin da aka rasa, don mutane kan tsaya a kan albashin wata kawai. A ce mace tana awa 40 a mako aka mayar da ita 24. Kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shigarta ya tafi ke nan, a daidai lokacin da hidimar gida ta ƙaru. Amma akwai abubuwan da ke rataye da awowin. Kuɗin fansho da ake zuba mata zai ragu. Hutun shekara, a inda ake lissafa shi da yawan aiki, zai ragu. In aka zo rage ma'aikata nan gaba, da ƙaramin albashin za a lissafa haƙƙinta na sallama. In ta sake samun ciki, a ƙasashe da dama da matsakaicin abin da take ɗauka kafin hutun ake lissafa kuɗin hutun haihuwa. A Amurka abin ya fi haka tsanani: dokar hutun iyali da jinya ta 1993 ba ta ba ma'aikaci haƙƙin wannan hutu sai ya yi awa 1,250 a cikin wata 12 da suka gabata, alhali awa 24 sau mako 52 awa 1,248 ne. Da awa biyu kacal za ta faɗi ƙasa da layin. A can ɗin kuma, awa 30 a mako ne ma'aunin cikakken ma'aikaci wanda doka ta ɗora wa manyan kamfanoni nauyin yi masa tayin inshorar lafiya. Saboda haka idan aka ce "kwana biyu kawai muka cire," ba kwana biyu kawai aka cire ba.

To me doka ta ce? Kowace ƙasa da tata, amma akwai tushe guda da yawancinsu suka ɗebo daga gare shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fara yarjejeniya kan kare masu haihuwa tun 1919, shekarar da aka kafa ta, ta sabunta a 1952, sannan ta fitar da ta yanzu mai lamba 183 a shekarar 2000. Wannan ta tanadi hutun da bai gaza mako 14 ba, ta kuma ce a ƙarshen hutun mace na da haƙƙin komawa matsayinta na da, ko wani daidai da shi da ake biya da albashi ɗaya. Ta ce lokacin shayarwa da ake ba uwa a wurin aiki, ko ragin awowin yini da ake yi mata don shayarwa, a ƙirga shi cikin lokacin aiki a kuma biya ta. Wannan gaɓar tana da muhimmanci a nan, domin wasu shugabanni na fakewa da shayarwa su yanke awowi da albashi tare. Sai dai ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar a hukumance ba su kai kashi ɗaya cikin uku na mambobin ILO ba, kuma Amurka da Birtaniya ba sa ciki. Don haka ba ita mace za ta riƙe ta shiga ofishin manaja ba. Dokar ƙasarta da takardar ɗaukarta aiki su ne makamanta.

Dokokin ƙasashen dai maganarsu ta yi kama. Tarayyar Turai, a umarninta na 2006 kan daidaito tsakanin maza da mata a wurin aiki, ta ce mace ta koma aikinta ko makamancinsa bisa sharuɗɗan da ba su gaza na da ba, har ma ta ci moriyar duk wani ƙarin da aka yi wa abokan aikinta tana hutu. A Birtaniya hutun mako 52 ne, an raba shi biyu. Wadda ta dawo cikin mako 26 na farko, aikinta na da za a mayar mata, ba wani ba. Wadda ta shiga kashi na biyu ita ma aikinta za a ba ta, sai in da gaske hakan ba zai yiwu ba, sannan a ba ta wani da ya dace da ita bisa sharuɗɗan da ba su fi na da muni ba. Awowi na cikin sharuɗɗan. Dokar daidaito ta 2010 kuma ta haramta a cutar da mace saboda ciki ko saboda ta ɗauki hutun haihuwa, ba tare da la'akari da tsawon zamanta a wurin ba.

Duk da waɗannan dokoki abin bai daina faruwa ba. Binciken da hukumar daidaito da kare haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta yi tare da gwamnati, wanda cikakken rahotonsa ya fito a 2016, ya tambayi iyaye mata sama da 3,000. Kashi 77 cikin ɗari sun ce sun gamu da wani abu marar daɗi ko mai kama da wariya lokacin ciki, ko hutu, ko bayan dawowa. Kashi 11 sun ce an kore su, ko an sallame su da sunan rage ma'aikata, ko an matsa musu har suka bar aikin da kansu. Da aka faɗaɗa lissafin zuwa ƙasar baki ɗaya, ya kai mata kusan 54,000 a shekara.

Amma fa ba kowane ragin awowi ne zalunci ba, kuma wadda ba ta bambance wannan tun farko ba za ta shiga taron ƙorafi a kayar da ita cikin minti biyar. Ƙa'idojin Amurka sun fayyace wannan da misali mai kyau. Sun ce wanda ya dawo daga hutu ba shi da haƙƙin da ya wuce wanda zai samu da bai tafi hutun ba. Idan an soke aikin dare gaba ɗaya yana hutu, ba zai ce lallai sai an mayar da shi aikin dare ba. Amma idan aikin daren na nan, wani aka sa a gurbinsa, to yana da haƙƙin komawa. Wannan ma'aunin yana aiki ko'ina. Tambayar ita ce: da ba ta haihu ba, da ba ta tafi hutu ba, za a taɓa awowinta? Idan kamfani ya rasa babban kwastoma aka rage wa kowa a sashen kwana ɗaya, ƙorafinta kan wariya ba shi da ƙarfi, ko da yake tana iya tambayar dalilin da ya sa ba a sanar da ita ba kamar yadda aka sanar da sauran. Idan kuwa aikin na nan yadda yake, kuma wanda aka ɗauka ya riƙe mata wuri shi ne yanzu yake cin awowin da aka cire mata, to magana ta fito fili. "Ya iya aikin, ba ma so mu rasa shi" ba hujja ba ce. Shi riƙo aka ba shi.

Sai kuma abin da takardar ɗaukar aiki ta ce. Idan an rubuta awa 40 a ciki, rage su ba da yardarta ba saɓa yarjejeniya ne, ko da babu maganar haihuwa. Wasu takardun suna da wata gaɓa da ke cewa kamfani na iya canza lokutan aiki gwargwadon buƙata, kuma a nan manajoji ke fakewa. Kotuna a wurare da dama ba sa barin a shimfiɗa irin wannan gaɓa ta rufe komai, kuma ko ta ba da damar canji, ba ta ba da damar wariya ba. Wadda ta fi shiga tsaka mai wuya ita ce wadda takardarta ba ta ƙayyade awowi ba, ko ta ƙayyade kaɗan amma a zahiri ta shekara da shekaru tana yin ninkinsu. Ita ba za ta dogara da takarda ba, sai da tarihin aikinta. Takardun albashi na wata shida ko shekara kafin hutu, da tsofaffin jadawalai, su za su nuna abin da aka saba ba ta. In aka jera su kusa da na bayan dawowa, kuma aka ga na abokan aikinta bai motsa ba, to ko babu alkawarin awowi a rubuce, tambayar "me ya sa ni kaɗai?" tana nan tana jiran amsa.

Akwai wani tarko da mata da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Ana hira kafin ta tafi hutu, ko an kira ta a waya ana yi mata barka, sai ta ce, "Wataƙila in na dawo zan so a ɗan sassauta min." Daga baya sai a riƙe wannan a ce ita ta nema. Tunani da aka furta cikin hira daban, buƙatar da aka gabatar aka amince da ita daban. Idan da gaske tana son ragi, ta nema a rubuce, ta faɗi awa nawa, ta kuma faɗi ko na ɗan lokaci ne, domin a wurare da yawa canjin da aka amince da shi yakan zama na dindindin sai in an rubuta akasin haka.

Yanzu ga yadda ake bin abin. Ki fara da magana ta fatar baki da wanda ke tsara jadawalin, ba don kina sa ran za ta wadatar ba, sai don wani lokacin kuskure ne na gaske, kuma yawancin tsare-tsaren ƙorafi suna so a ga an gwada wannan. Amma ranar da kuka yi maganar, ki tura masa ɗan saƙo: kin gode da lokacinsa, kin fahimci ya ce an mayar da ke awa 24 saboda kaza, ke kuma ba ki nemi hakan ba, ba ki amince ba, za ki ci gaba da zuwa aiki bisa sabon jadawalin ne kawai kafin a warware maganar. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da nauyi fiye da yadda take a ido. Wadda ta yi wata da watanni tana bin sabon jadawali ba ta ce uffan ba, ana iya cewa shirunta yarda ne. In ya karanta saƙon bai musanta ba, kin samu shaidar abin da ya faɗa.

In mako ɗaya ko biyu suka wuce ba a gyara ba, sai takardar ƙorafi. Ki nemi kundin ƙa'idojin ma'aikata ki ga wa aka ce a kai wa. In wanda kike ƙorafi a kansa shi ne shugabanki na kai tsaye, ki kai wa na sama da shi ko ofishin kula da ma'aikata. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Ki faɗa a layin farko cewa wannan ƙorafi ne a hukumance, don kada daga baya a ce an ɗauka shawara kike bayarwa. Sai ranaku: ranar da kika fara aiki, awowinki kafin hutu, ranar tafiya, ranar dawowa, ranar da kika ga canjin, wa ya ce me. Sai ki rubuta ƙarara cewa kina ganin ragin yana da nasaba da hutun haihuwar da kika ɗauka. Mata da yawa na tsallake wannan layin don kunya ko gudun rigima, su rubuta "ban ji daɗin yadda aka yi min ba" kawai. Kuskure ne. Kariyar da dokoki ke bayarwa daga bi-ta-da-ƙulli ta fi ƙarfi ga wanda ya ambaci wariya da sunanta. Sai tambayoyi: wa ya yanke shawarar, yaushe, bisa wane dalili, su wa kuma aka rage wa, ina awowin suka koma? A ƙarshe ki faɗi abin da kike so: a mayar da awowin daga rana kaza, a biya bambancin albashin watannin da suka wuce, a gyara lissafin fansho da hutu.

Abin da ba ya shiga takardar shi ne zagi, da tone-tonen tsofaffin rigingimu, da hasashen abin da ke zuciyar mutum. Duk layin da ba za ki iya kare shi da rana ko takarda ba, shi za a kama a bar sauran. Haka nan wajen tara shaida, ki tsaya kan abin da yake naki ko aka raba wa kowa, kamar takardun albashinki, saƙonnin da aka turo miki da jadawalin da aka liƙa. Kwasar bayanan sirri na kamfani ko na abokan aiki zai ba su dalilin hukunta ki da ba su da shi a da. Naɗar murya a ɓoye ma haka, a wasu wuraren laifi ne a doka, a wasu kuma saɓa ƙa'idar aiki.

Bayan takarda sai zama. ILO tana da wata shawara tun 1967, mai lamba 130, da ta ce duk ma'aikacin da ke ganin yana da koke yana da haƙƙin gabatar da shi ba tare da hakan ya jawo masa wata cutarwa ba, a kuma duba shi ta hanyar da ta dace. Birtaniya ta zayyana wannan dalla-dalla a ƙa'idar hukumar sasanta rikicin aiki ta Acas: a kira zama ba da jan ƙafa ba, ma'aikaci na iya zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, a ba da hukunci a rubuce, a kuma ba da damar ɗaukaka ƙara gaban wani manajan da bai sa hannu a maganar ba in da hali. Ɓangaren da ya yi watsi da wannan tsari ba dalili, kotun ma'aikata na iya ƙara ko rage diyya har kashi 25 cikin ɗari a kansa. Ko ƙasarki ba ta da irin wannan tanadin, ki nemi zuwa da wani. Ke kina magana, zuciya na tafasa, ga rashin barcin goyo, ba za ki riƙe duk abin da aka faɗa ba. Shi aikinsa ya rubuta.

A zaman, ki lura da abu ɗaya: ko dalilin ya canza. Ranar farko an ce don jaririnki ne. A zaman an ce ciniki ne. A takardar hukunci an ce aikinki ne ya yi rauni, alhali kafin hutu ba a taɓa rubuta miki gargaɗi ba. Dalili uku kan abu ɗaya, wannan kansa shaida ne. A Tarayyar Turai da Birtaniya, da zarar mai ƙara ta kawo abubuwan da za su sa a yi zargin wariya, nauyin kare kai yana komawa kan wurin aiki, shi zai nuna cewa ba haihuwar ce sanadi ba. Wanda ya yi ta sauya bakinsa zai sha wuya a nan.

Kada kuma a ɗauka tsarin cikin gida kotu ne. Kamfani ne ke binciken kansa, kuma ofishin kula da ma'aikata, duk kirkin mutanen cikinsa, kamfani ne ke biyansu. Wani lokacin wannan yakan taimaka, domin su ne suka fi manaja sanin abin da shari'a za ta ci, sai su sa a gyara cikin gaggawa. Wani lokacin kuma sai a yi ta ɗage zama, yau mai bincike ya yi tafiya, gobe ana jiran wata takarda. Haɗarin jan ƙafar shi ne wa'adin kai ƙara waje ba ya tsayawa don ana sauraron ƙorafi a ciki. A Birtaniya an shafe shekaru wa'adin yana wata uku ba kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru, kuma sai an fara tuntuɓar Acas kafin a je kotu. A Amurka kwana 180 ne a kai ƙarar wariya gaban EEOC, hukumar da ke kula da daidaito a wurin aiki, a jihohi da dama yakan kai 300. A Afirka ta Kudu wata shida ne a kai ƙarar wariya gaban hukumar sasanci ta CCMA. Ranar da kika ga sabon jadawali, ranar ya kamata ki binciko wa'adin ƙasarki ki rubuta shi, ki kuma ƙirga daga ranar da aka yanke shawarar ragin, ba daga ranar da aka amsa ƙorafinki ba.

Sai maganar ajiye aiki. Wani ragin awowin kora da hali ne, ana so ta gaji ta tafi da ƙafarta a huta da biyan haƙƙin sallama. Dokokin wasu ƙasashe sun san da wannan, suna ɗaukar murabus ɗin da aka tilasta a matsayin kora. Amma tabbatar da shi a kotu na da wuya, kuma wadda ta ajiye aiki ta rasa albashin da ya rage mata tun kafin a fara shari'a. Kada ta rubuta takardar murabus cikin fushi, kada kuma ta sa hannu a sabuwar yarjejeniya mai awa 24 don an ce "tsari ne kawai na ofis," sai ta nuna wa wakilin ƙungiya ko lauyan ƙwadago. Sa hannun nan shi ne yardar da aka rasa tun farko.

In an yi sa'a aka amince a mayar da awowin, a karɓi amincewar a rubuce, da ranar da za ta fara aiki, da adadin kuɗin baya da za a biya da watan da za a biya shi. Wani lokacin za a kawo tayin tsaka-tsaki, a ce awa 32 yanzu, 40 bayan wata uku. Karɓa ko ƙi ya danganta da halin da take ciki, ita ta san nauyin da ke kanta. In ta karɓa, takardar ta nuna cewa awa 40 ne asalin yarjejeniyarta, 32 ɗin na wucin gadi ne, ga kuma ranar da zai ƙare. Sannan ta ci gaba da ajiye jadawalin kowane mako na aƙalla wata shida, domin in za a yi mata bi-ta-da-ƙulli, a nan zai fara bayyana: a mayar mata da awowin amma a jefa su a lokutan da aka san ba ta da mai riƙe mata yaro. In hakan ta faru, sabon ƙorafi ne, kuma yana da nasa wa'adin.